Sujadar Baba Iliya

Sai da na yi mako uku a Dubai kafin na yarda an yi mini sakiyar da ba ruwa. Ejan ɗin da ya yi mini biza ya rantse cewa kamfanin gyaran jiragen ruwa na jirana, har mota za su turo filin jirgi. Motar da ban gani ba ke nan har yau. Lambarsa kuwa tun tana shiga ba a ɗauka har ta daina shiga. Ni Hamisu, da duk Ƙofar Ruwa aka san hannuna a walda, sai ga ni a International City ina kwana a gadon sama, mu tara a ɗaki ɗaya. Da rana in bi ’yan kasuwar Kano ina ɗaure musu kaya don in samu abin kai wa baka. In matata Zulai ta kira ta ce ya aiki, in ce alhamdulillahi. Ban taɓa gaya mata dako nake yi ba.

Wata Juma’a na sauke wa wani Alhaji dilar yadi a Bur Dubai, na tsaya alwala a masallacin da ke kusa da inda ake hawa abra, ƙaramin jirgin fito. Ina naɗe hannun riga sai na ji an yi Hausa a kaina.

“Kai, wannan tabon ba na dako ba ne. Walda?”

Na ɗaga kai. Dattijo ne siriri, baƙi, gemunsa ya yi fari fat, idanunsa jajaye irin namu na masu kallon wuta.

“Walda, Baba.”

“Ɗaga murya, kunnen ya tafi. Daga ina?”

“Kano!”

“La’ilaha illallahu! Ashe bawana ne. Bon, ɗauko mini takalmina, Bakano.”

Nan na gane Badamagare ne. Na ce masa mu Kanawa ba ma ɗaukar takalmin wanda muka koya wa sa takalmi. Ya yi dariya har yana riƙe bango. Sunansa Iliyasu, amma kowa Baba Iliya yake ce masa, har Indiyawa. Ya fi shekara goma sha biyar yana walda a cikin jiragen ruwa. Ranar ya saya mini shayin karak da burodi, ya zauna ya saurari labarina kaf, yana karkato da kunnen da ya fi ji. Da na gama sai ya ce, “Kukan ya isa. Ka iya agon?”

Ban iya ba. Ni waldar rodi na sani, ta ƙofa da taga da tankin ruwa. Bututun jirgi kuwa, irin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, sai da iskar agon ake ɗinke shi. Iskar tana fitowa daga tukunya ta tiyo, ta lulluɓe wurin da ƙarfe ke narkewa don kada iskar duniya ta taɓa shi. In ta taɓa, waldar sai ta yi huji-huji kamar soso. Har cikin bututun ma sai an toshe bakinsa biyu an cika shi da agon, a bar ƙaramar kafa da iska za ta riƙa fita.

Wata biyu Baba yana koya mini a shagon wani abokinsa, duk ranar hutunsa. Bai karɓi ko sisina ba. In na yi sauri ya buge mini hannu ya ce, “Dusma-dusma, Bakano. Ba kasuwar Kwari ba ce.” Ranar farko, kafin ma in taɓa tocin walda, ya ɗauko bokiti ya zura tiyo a ciki ya buɗe tukunya na ɗan lokaci. Ya ce in duba. Na ce ba komai a ciki. Ya ce in sansana daga sama. Ba wari. Sai ya kunna takarda ya zura a bokitin, wutar ta mutu nan take kamar an tsoma ta a ruwa.

“Ka gani? Ta fi iska nauyi. Ƙasa take bi ta kwanta. Ba ta wari, ba ta sa tari, ba ta gaya maka ta zo. Numfashi biyu, uku, khalas. Don haka in kana cikin tanki, fanka ba ta mutuwa. In za ka fita, tukunya ka rufe ta da hannunka. Maimaita.”

Na maimaita. Wallahi na maimaita. Shi ya sa ko kusa ba zan iya cewa rashin sani ne ya ja mini ba.

Shi ya kai ni gwaji a ƙaramin kamfanin da yake wa aiki, ya tsaya mini har aka yi mini sabuwar biza. Na kwashe ’yan komatsaina na koma Sonapur, kam ɗin da ma’aikata ke kwana, ɗaki ɗaya da shi, gadona a saman nasa. Kullum bas ta kwashe mu da sassafe zuwa bakin teku, ta dawo da mu da yamma jikinmu duk warin ƙarfe. Baba ne mai girki. Kuka da daddawa matarsa Inna Rabi ke aiko masa daga Damagaram, ya tuƙa mana tuwon semo a ƙaramar tukunya, ya ce, “Ci, Bakano, ku a garinku sai gurasa.” Ranar da na fara cin miyar kukar nan na juya wa bango fuska, don kada ya ga idona.

Ya kasance da ɗabi’a guda da duk kam ɗin suka sani. A sujadar ƙarshe ba ya ɗagowa da wuri. ’Ya’yansa mata biyar ne, kuma sai ya ambaci kowace da sunanta ya roƙa mata abin da take buƙata. In shi kaɗai yake salla, sai ka sha shayinka ka gama yana nan goshi a ƙasa. Nakan tsokane shi in ce, “Baba, ka rage wa na baya layi mana.” Sai ya ce mai ’ya’ya mata ba ya gaggawa a gaban Ubangiji.

A wata na huɗu aka tura mu cikin wani tanki a ƙasan wani jirgi da aka kawo gyara. Ƙaramin wuri ne, tsawon ɗakin kwana bai fi shi ba, sai dai zurfi. Ƙofarsa rami ne a sama, daidai faɗin kafaɗun mutum, sai tsani na ƙarfe. Ta ramin aka zura ƙaton tiyon fanka da ke hura mana iska, da tiyon tukunyar agon da ke ajiye a sama. A bakin ramin akwai mai gadi, wani ɗan Bangaladash mai suna Kamal, magidanci mai fara’a. Aikinsa ya rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita, kuma bayan kowane hutu kada ya bar kowa ya sauka sai an gwada iskar. Na’urar da ke ƙara in iskar numfashi ta ragu guda ɗaya aka ba mu, mu biyu. Baba ya maƙala mini ita a ƙirji ya ce ni ne mai kunne.

Matsalata ita ce fankar nan. Iskarta tana bugo mini daidai inda nake aiki, tana kore agon daga bakin toci. Sau biyu aka ɗauki hoton waldata aka ga huji. Foman, wani mutum mai gajeren haƙuri, ya kira ni gefe ya ɗaga yatsu uku ya naɗe biyu. Ya ce in na ukun ya faɗi, khalas, biza kansel. Na tuna gadon sama na International City, na tuna Zulai da na riga na gaya wa ta fara neman mana ɗaki mai kyau.

Sai na fara dabara. In Baba ya juya baya yana nasa aikin, in hau in kashe fankar na ɗan lokaci, in yi waldata, in sake kunnawa. Da kunnensa mai nauyi da hular walda a kansa, bai taɓa lura ba. Kamal ya gani sau ɗaya ya yi magana, na ce masa, “Shwayya, habibi, minti biyar.” Ya ƙyale ni, don yana ganin girmana.

Ranar da abin ya faru, da aka busa hutun rana, Baba ya riga ni hawa saboda gwiwarsa, yana hawa a hankali. Kamal ma ya tafi karɓo abincinsa. Ni na tsaya. Akwai haɗi na gaba da zan yi bayan hutu, ina so cikin bututun ya cika da agon sosai, ba ko ɗigon iska. Na zura tiyo a bututun, na hau na buɗe tukunya, na ƙara mata ƙarfi ma. Sannan na kashe fanka don kada ta ɗaga tef ɗin da na toshe bakin bututu da shi. Na ce a raina ai ni zan riga kowa dawowa, in rufe, in kunna, ba wanda zai sani.

Na tarar da Baba a inuwar wata kwantena yana buɗe kwanon abincinmu. Bai ko ɗago ba ya ce, “Ka rufe?”

Na ce, “Na rufe, Baba.”

“Madalla da bawana. Zauna.”

Muka ci. Ya tsame naman da ke cikin miyar ya tura gefena.

Muna wanke hannu aka ce foman na nemana. Na tafi ofis ina jan ƙafa, aka bar ni tsaye a waje na jima, sannan ya fito da takarda yana murmushi, abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Waldar jiya ta wuce, ba huji ko ɗaya. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Gud, Najeriya.” Wayyo Allah, daɗi kashe ni! Na tsaya a wurin sallar ma’aikata na yi azahar ta gaggawa, na fito har ina haɗawa da gudu. Tukunya, fanka, duk sun fice mini daga kai kamar ba ni na taɓa su ba. Abin da ke raina kawai in gaya wa Baba.

Shi kuwa bai je wurin sallar ba. Da nisa, ga gwiwa. In ya yi alwala yakan sauka tanki ya shimfiɗa kwali ya yi sallarsa a can kafin mu fara aiki. Kamal ya ce masa ya jira mai gwajin iska, Baba ya ce ba komai, Hamisu ya rufe. Da na iso, Kamal ya nuna ramin ya ce, “Baba namaz,” wato yana salla. Ya roƙe ni in tsaya masa ya je ya kira mai gwajin, don ya makara. Na ce je ka, ina nan.

Na leƙa. Fitilar aiki na haska ƙasan tankin. Ga Baba a kan kwalinsa, goshi a ƙasa, tafin ƙafafunsa a sama, ya ajiye takalmansa a gefe a jere.

Na zauna a bakin ramin na zura ƙafafuna ina lilo da su. Ina murmushi. Na ce a raina yau kam ko ’ya’yan goma ne zan jira. Har na shirya abin da zan ce masa, cewa bawa ya fi ubangidansa. Ban san minti nawa na yi a zaune ba. An tambaye ni daga baya, na ce ban sani ba, kuma a nan kaɗai ban yi ƙarya ba. Wa ke katse wa dattijo sujada? Tun muna yara aka hana mu ko gittawa ta gaban mai salla.

Shirun ne ya fara damuna. Na rasa me ya sa wurin ya yi tsit haka. Sai idona ya kai kan tiyon fanka, ya yi laushi ya kwanta a jikin tsani. Can ƙasa kuma na ji wani siririn sauti, sssss.

“Baba!”

Bai motsa ba.

“Baba Iliya! Baba!”

Na faɗa ramin. Ban kai rabin tsani ba na’urar ƙirjina ta fara ihu. Wani mai haɗa bututu, Ba’indiye, da ya ji kururuwata, ya cafko wuyan rigata daga sama ya fizgo ni da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Na kai masa duka, ya danne ni yana cewa, “La, la, kai ma mutuwa.” Ban san sunansa ba har yau, shi ne ya cece ni. Da na kuɓuce masa na ruga na kunna fanka, na rufe tukunya. Kafin masu ceto su iso da tukwanen numfashi a bayansu, su ɗaura masa igiya su fito da shi, rai ya yi halinsa. Akwai shatin kwali a goshinsa.

A tsaye iskar ba ta kai masa hanci ba, shi ya sa ya yi kabbara ya yi karatu lafiya. Tana kwance a ƙasa, inda ya kai fuskarsa.

’Yan sanda suka zo, da manyan kamfani. Suka tarar da fanka na aiki, tukunya a rufe. Suka tambaye ni ko an kashe fankar lokacin hutu. Na ce ni dai a kunne na bar ta. Suka ce tukunya fa? Na ce na rufe, wataƙila bakinta ne ke yoyo. Ba’indiyen nan ya ga lokacin da na kunna, amma ko bai gane ba ne, ko ya rufa mini asiri ne, bai ce uffan ba. Aka rubuta cewa marigayi ya shiga ba tare da gwaji ba, mai gadi kuma ya bari. Aka sallami Kamal. Ranar da zai tafi ya zo ɗakinmu ya rungume ni yana kuka yana ba ni haƙuri, wai shi ya kashe mini uba. Na bar shi ya tafi da wannan. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni nawa ruwan wasu ya doka, ni ko jiƙewa ban yi ba.

A maƙabartar da ke kusa da Sonapur muka binne shi. Hausawa suka zo daga ko’ina, ’yan kasuwa, ɗalibai, ’yan Nijar da ban taɓa gani ba. Labari ya riga ya bazu cewa a sujada ya cika. Kowa ya riƙe hannuna sai ya ce, “Kai, wannan bawan Allah ya dace! Allah Ya ba mu irin ƙarshensa.” In ce amin. Wani Alhaji har ya ce in ba shi labarin tun daga farko, yana share hawaye yana cewa masha Allah.

Ni aka sa na kira Inna Rabi. Ta yi salati, ta yi kuka, sannan ta ce, “An ce kana wurin, ɗana. Da gaske a sujada?” Na ce da gaske. Ta ce, “Alhamdulillahi. To na daina kuka.” Daga ranar duk Juma’a sai ta kira ni ta sa mini albarka. Har kuka da daddawa ta aiko mini ta hannun wani mai zuwa, ta ce Malam, wato Baba, ya taɓa gaya mata ina son miyar. Ƙullin yana nan cikin akwatina, ban iya buɗe shi ba.

Abinci ya daina shiga. Na je wurin wani malami ɗan Zariya da ke karatu a nan, na ce masa wani abokina ne ya yi sanadin mutuwar mutum bisa kuskure. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, “Ka gaya wa abokin naka ya yi azumin wata biyu a jere. Wannan tsakaninsa da Allah ne. Amma akwai haƙƙin iyalan mamacin, kuma ba a yafe abin da ba a sani ba.”

Na yi azumin, kwana sittin, ina walda a cikin ƙarfe mai zafi. ’Yan ɗakinmu suka fara ce mini Ustazu, suna cewa zaman Baba ya bar mini gado. Duk wanda ya faɗa sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Na nemi lambar Kamal, ba ta shiga. Kamfani kuwa ban koma na gyara maganata ba, tsoro ya hana ni, kuma ba zan yi wa wannan ado ba.

Juma’ar da ta biyo bayan azumin, Inna ta kira kamar kullum. Ta fara sa albarka, na ce, “Inna, ki dakata. Ki saurare ni har in gama.” Na gaya mata fanka, na gaya mata tukunya. Na gaya mata ya tambaye ni na ce na rufe, ya tura mini nama. Na gaya mata na zauna a kansa ina lilo da ƙafa.

Ina jin kukan akuya a tsakar gidanta, da wata yarinya tana kiran wata.

“Hamisu.”

“Na’am, Inna.”

“Goshinsa a ƙasa yake?”

“A ƙasa yake.”

“Da idonka ka gani?”

“Da idona.”

“To wannan nawa ne, kada ka taɓa mini shi. Sauran da ka faɗa kuwa, ban san inda zan ajiye shi ba tukuna. Kada ka kira ni. In na samu wuri, ni zan kira ka.”

Juma’a goma sha huɗu ke nan. Ina nan ina aiki, a wani jirgin, da wani abokin aiki. Duk ranar Juma’a wayata tana aljihun gaba, na ƙure mata ƙara.

Makon jiya a masallacin kam, wani tsoho ɗan Pakistan da ke gefena yana nafila ya daɗe a sujada. Ban san lokacin da na kama kafaɗarsa na ɗago shi da ƙarfi ba. Ya sallame, ya dube ni a fusace, mutane suka juyo. Na ba shi haƙuri da hannu, don ba ni da yaren da zan yi masa bayani. Har yau in liman ya yi kabbarar ɗagowa, goshina ba ya barin ƙasa sai na ji na kusa da ni ya motsa.